Malamin da Ya Ɓuya a Tanderu Don Kada Talaka Ya Ga Fuskarsa

A cikin Talmud, babban kundin fiƙihu da hikayoyin malaman Yahudawa, akwai labarin wani malami mai wadata da ake kira Mar Ukba, wanda ya rayu a ƙasar Babila, wato Iraƙin yau, a ƙarni na uku bayan Annabi Isa (AS). Kullum sai ya biya ta ƙofar wani matalauci a unguwarsu, ya zura masa kuɗi zuzu huɗu ta ramin ƙyaure, ya yi gaba abinsa. Ran nan matalaucin ya ce shi fa yau sai ya ga wanda yake yi masa wannan alheri. Ya laɓe. A ranar Mar Ukba ya yi dare a makaranta, matarsa kuma tana tare da shi. Suna taɓa ƙyauren sai mutumin ya fito, su kuwa suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Da gudu ya ƙare musu, suka faɗa cikin wani tanderu da aka kwashe wa garwashi bai gama hucewa ba. Ƙafafun malam suka fara ƙuna, na matar lafiya lau. Ta ce ya ɗora nasa a kan nata. Abin ya dame shi, me ya sa wuta ta ƙyale ta shi ta ci shi? Ta ce ai ita tana gida, mai yunwa in ya zo abinci take miƙa masa ya ci nan take, shi kuwa kuɗi yake bayarwa, sai an je kasuwa an dawo.

Talmud ɗin da kansa ya yi tambayar da kowa zai yi: duk wannan wahala ta mece ce? Amsar da ya bayar ita ce gara mutum ya jefa kansa a tanderun wuta da ya kunyata ɗan'uwansa a bainar jama'a.

Na taso ina jin kalmar Bayahude a bakin mutane a matsayin zagi. In an ce wane Bayahude ne, ana nufin marowaci ko mara tausayi, kuma galibin masu faɗar haka ba su taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. Ni ma ban taɓa tsayawa na tambayi abin da waɗannan mutane suke karantar da 'ya'yansu game da kirki da mugunta ba, sai da na girma. Da na duba, abin da na tarar ya sa na tsaya a kan ra'ayi ɗaya: babban abin da ya bambanta tarbiyyar ɗa'a ta Yahudawa shi ne ba ta yarda da kyakkyawar zuciya ita kaɗai ba. Ta ɗauki alheri ta mai da shi bashi mai adadi da lokaci da mai karɓa, sannan ta sa mutuncin mai rauni a cikin lissafin bashin. A ganina wannan dabara ce mai ƙarfi, ta cancanci a yi nazarinta ko da mutum ba ya tare da masu ita a aƙida ko a siyasa.

A fara da kalmar kanta. Abin da muke kira sadaka, su a Ibrananci tsedaka suke cewa, kuma tushen kalmomin biyu ɗaya ne, kasancewar Larabci da Ibrananci 'yan ɗaki ɗaya ne. Sai dai a wurinsu tushen yana ɗauke da ma'anar adalci da daidaito. Wanda ya ba matalauci, haƙƙinsa ya ba shi. Wanda ya hana, zalunci ya yi. Ta wannan fuska tsedaka ta fi kusa da zakka a fahimtarmu. Shi ya sa kotun malamai take iya tilasta wa mai hali ya bayar, Talmud ma ya ambaci wani attajiri da aka ƙwaci zuzu 400 daga hannunsa aka zuba a asusun talakawa.

Tun a Mishna, littafin dokokin da aka tattara a wajen shekara ta 200, an tsara yadda kowane gari zai riƙe talakawansa. Akwai asusun kuɗi da ake rabawa duk mako ga matalautan gari, akwai kuma akushin abinci na kullum wanda har baƙo mai wucewa yana da rabo a ciki. Mutum biyu ne suke fita karɓa, mutum uku ne suke rabawa, domin rabon kamar shari'a ce, ita kuwa shari'ar dukiya alƙali uku take bukata a tsarinsu. Wanda ya yi kwana 30 a gari an fara bin sa kasonsa. In ya kai wata shida za a bi shi kuɗin tufatar da marasa sutura, in ya kai tara har da na jana'izar wanda ya mutu ba shi da kowa. Wanda ya zo ya ce a ba shi riga, ana iya bincike a ga ko da gaske yake. Wanda ya ce yunwa yake ji, babu bincike, a ba shi abinci tukuna. An kuma sa iyaka ta sama: kada mutum ya rabar da fiye da kashi ɗaya cikin biyar na dukiyarsa, don kada gobe shi ma ya zama nauyi a wuyan jama'a. Sannan ga wadda ta fi burge ni: matalaucin da shi kansa da sadaka yake rayuwa, wajibi ne ya ba wani, komai ƙanƙantar abin. Wato ba a yarda a raba gari gida biyu ba, masu miƙa hannu sama da masu miƙa shi ƙasa har abada.

Wani zai ce ai wannan duk a takarda ne. To, akwai shaidar cewa an yi aiki da shi. A tsohon birnin Fusɗaɗ, wanda yanzu yake cikin Alƙahira, akwai wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana jibge tsofaffin takardu a wani ɗaki saboda ba sa yar da rubutun da ke iya ɗauke da sunan Allah. A ƙarshen ƙarni na 19 aka kwashi kaso mai yawa daga cikinsu zuwa Jami'ar Kambirij a Ingila. A cikinsu an samu jerin sunayen masu karɓar gurasa sau biyu a mako, da na masu karɓar alkama da tufafi, da wasiƙun zawarawa da baƙi suna neman taimako, da lissafin kuɗin fansar waɗanda 'yan fashin teku suka kama. Duk a ƙarƙashin daulolin Musulmi, kuma mafi yawan rubutun da Larabci ne cikin haruffan Ibrananci.

A wannan gari ne Musa bin Maimun ya zauna, wanda Turawa suke kira Maimonides. An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus a wajen 1138, iyalinsa suka bar garin bayan da sarakunan daular Muwahhiduna suka ci shi suka tsananta wa waɗanda ba Musulmi ba, suka zauna a Fas, daga baya suka yada zango a Masar. Ya zama likita a fadar Salahuddin al-Ayyubi, ya rasu a 1204. A cikin babban littafinsa na dokoki, Mishne Tora, ya jera sadaka hawa takwas, kuma yadda ya jera su ya fi yawan hawan muhimmanci.

Can ƙasa akwai mai bayarwa yana ɓacin rai. Sama da shi kaɗan akwai wanda ya ba da abin da bai kai ba amma da sakin fuska. A lura da wannan, don a nan ne lissafin ya fara bambanta da na ɗan kasuwa: kaɗan da fara'a ya fi mai yawa da ɗaure fuska. Ibn Maimun ya ma ce wanda ya ba talaka yana murtuke fuska ya zubar da ladansa ko da zinariya dubu ya bayar, kuma in ba ka da abin bayarwa ka lallashe shi da baki, haramun ne ka daka masa tsawa, tunda zuciyarsa a karye take. Daga nan sai wanda ya bayar bayan an roƙe shi, sai wanda ya riga roƙon. Hawa uku da ke biye kuwa duk a kan ɓoye fuska suke. Ya ambaci malaman da suke ƙulle kuɗi a mayafi su rataya ta baya, talaka ya zo ya ɗauka ba tare da mai bayarwa ya gan shi ba. Ya ambaci masu jefa kuɗi a ƙofar gida cikin sirri, irin su Mar Ukba. Sama da su akwai inda mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba, kamar wani ɗaki da Mishna ta ce yana cikin Haikalin Ƙudus, ana kiransa ɗakin masu sirri, masu hali su ajiye a ɓoye, 'ya'yan manyan gida da talauci ya kama su ɗiba a ɓoye.

Hawa na ƙoli shi ne inda sadakar ta daina kama da sadaka kwata-kwata. Ka ba mutum rance, ko ka ja shi cikin kasuwancinka ku yi tarayya, ko ka samo masa aiki, tun kafin ya faɗi, har ya zama ba ya bukatar roƙon kowa. Mai karɓar rance ba ya sunkuyar da kai, don ya san zai biya. Abokin tarayya kuwa a kujera ɗaya kuke zama. Daga wannan fahimta ne al'ummomin Yahudawa suka yi ta kafa ƙungiyoyin ba da rance babu ruwa, wanda suke kira gemah. Wadda Yahudawa masu ƙaura suka kafa a New York a 1892 tana aiki har yau. A wasu unguwanninsu za ka tarar da gemah na kayan biki, na kujeru, na keken guragu, mutum ya ara ya mayar.

Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da na karanta wannan sai bidiyoyin rabon kayan azumi su faɗo mini a rai. An tara tsofaffi mata a rana, an miƙa wa kowacce 'yar ledar shinkafa, mai bayarwa ya riƙe gefe ɗaya ba zai saki ba sai mai ɗaukar hoto ya gama, da yamma a watsa a Facebook. Ba sai mun je wurin Ibn Maimun ba kafin mu san wannan ba daidai ba ne. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa, hadisin wanda hagunsa ba ta san abin da damansa ta bayar ba kuwa yaran islamiyya ma sun haddace. Abin da na koya daga wancan ɓangare shi ne yadda suka ƙi barin maganar a matsayin wa'azi. Sun zauna sun tambayi kansu: a aikace, ta wace ƙofa kuɗin zai shiga, wa zai gani, mutum nawa za su raba?

Kunyata mutum a wurinsu babi ne na shari'a mai zaman kansa. Talmud ya ce wanda ya ci fuskar ɗan'uwansa a cikin jama'a kamar ya zubar da jini ne, ya kuma kawo dalili daga jiki: ka duba fuskar wanda aka kunyata, ja ya tafi fari ya zo, jinin ya gudu. Mishna ta ce kamar yadda akwai cuta a ciniki, akwai cuta a magana. Misalin farko da ta kawo ya ba ni dariya da kunya lokaci ɗaya, don na sha aikatawa: kada ka tambayi mai kaya nawa ne alhali ba ka da niyyar saya. Duk wanda ya taɓa zama a rumfa tun safe babu ciniki ya san yadda zuciya take ɗagawa in mutum ya tsaya ya ɗaga kaya ya taya, da yadda take faɗuwa in ya ajiye ya wuce yana dariya. Sauran misalan sun fi nauyi. Wanda ya tuba, kada a tuna masa da abin da ya aikata a da. Wanda iyayensa suka shigo addinin daga waje, kada a ce masa ya tuna abin da kakanninsa suke yi.

Maganar harshe ta kai su nesa. Gulma, wadda suke kira lashon hara, wato mugun harshe, haramun ce ko da abin da aka faɗa gaskiya ne, daidai da yadda malamanmu suka fassara giba. In ƙarya ce, wannan wani laifi ne daban mai suna daban. A 1873 wani malami a garin Radin na gabashin Turai, Isra'ila Meir Kagan, ya wallafa littafi guda a kan dokokin harshe kaɗai, har sunan littafin, Hafes Hayim, ya zama laƙabinsa. Bai tsaya a kan hani ba. Ya yi bayanin lokacin da faɗar aibin mutum yake zama dole, kamar in za a cuci wani a aure ko a kasuwanci, ya kuma gindaya sharuɗɗa: ka tabbatar da abin da kanka, kada ka ƙara gishiri, niyyarka ta zama kare wanda za a cuta, kuma in akwai wata hanya da za ta wadatar, ita za ka bi.

Haƙƙin lebura ma haka. Attaura, a Littafin Firistoci sura ta 19, ta hana kuɗin ɗan ƙwadago ya kwana a hannun wanda ya sa shi aiki. A Maimaitawar Shari'a, wani littafin na Attaura, an ce a biya shi kafin rana ta faɗi, domin talaka ne kuma ransa yana kan kuɗin. Talmud ya kawo labarin wasu 'yan dako da suka fasa wa wani malami tulun giya, shi kuma ya ƙwace rigunansu a madadin asararsa. Suka kai ƙara wurin babban malamin zamanin, Rab. Ya ce a mayar musu da rigunansu. Mai tulu ya ce haka doka ta ce? Rab ya ce e, ya karanta masa ayar da ke cewa ka bi hanyar mutanen kirki. Aka mayar. 'Yan dakon suka ce mu fa talakawa ne, mun yini muna aiki, yunwa muke ji, ba mu da komai. Rab ya ce a biya su ladan aikinsu. Mai tulu ya sake tambaya, haka doka ta ce? Ya ce e. Wani malamin, Raba, ya ce in an tsayar da mutum gaban hisabi, tambayar farko ita ce ko ya yi ciniki da amana. Kafin a tambaye shi karatu.

A ƙarni na 19 a Lituwaniya, Isra'ila Salanter, wanda ya rasu a 1883, ya kafa wata tafiya ta gyaran hali da ake kira Musar, domin ya ga ɗalibai sun ƙware a dokokin abinci da tsarki amma halinsu bai canja ba. Ana ba da labari cewa almajiransa sun tambaye shi abin da za su fi kiyayewa wajen toya gurasar babban idinsu na Ƙetarewa, wadda dokokinta suke da tsauri ƙwarai, sai ya ce su kiyaye kada su yi wa matar da ke kwaɓa ƙullun tsawa, don mijinta ya rasu. Shi ma ba daga sama ya faɗo ba. Shekaru kusan 800 kafinsa, Bahya ibn Faƙuda ya rubuta littafi da Larabci a Saraƙusɗa ta Andalus a kan farillan zukata, inda ya koka cewa mutane sun kula da farillan gaɓoɓi sun manta da na zuciya. Duk wanda ya saba da littattafan sufaye zai ji ƙamshinsu a ciki, kuma masana sun tabbatar ya sha daga wannan rijiya.

Yanzu ga suka guda biyu, kuma ba na jin ɗayansu wasa ne.

Na farko, duk tsarin da ya mai da kirki doka yana haifar da gwanayen hila. In an ce kada ka ci ruwa a kan bashi, wani zai zo ya rubuta takardar da za ta mai da bashin jari, ya ci ribarsa hankali kwance, kuma an yi hakan. Attaura ta ce a yafe basussuka duk shekara ta bakwai. Da Hilel, babban malamin da ya rayu dab da zamanin Annabi Isa (AS), ya ga masu kuɗi sun daina ba da rance in shekarar ta gabato, sai ya ƙirƙiro takardar da ake miƙa bashin ga kotu don kada ya faɗi. Za ka iya cewa ya ceci talaka daga rufewar ƙofar rance. Za ka iya cewa ya warware doka da wayo. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya sa ban ɗauki wannan suka a matsayin mai rusa ginin ba shi ne su da kansu sun riga kowa faɗarsa. Wani malaminsu na Kataloniya, a arewacin Sifaniya, a ƙarni na 13, Musa bin Nahman, ya yi gargaɗi cewa mutum yana iya zama ɗan iska da izinin Attaura, bai karya doka ko ɗaya ba amma rayuwarsa ƙazanta ce. Talmud kuma ya ruwaito cewa Ƙudus, wadda Rumawa suka rusa a shekara ta 70, ba ta faɗi ba sai don mutanenta sun tsaya a kan tsantsar doka sun ƙi yin rangwame. Labarin 'yan dako ma abin da yake koyarwa ke nan.

Suka na biyu ya fi zafi, kuma na san shi ne a ran mai karatu tun daga layin farko. Wannan alheri duk na wa ne? Ɗan'uwa da ake ta ambata, ya haɗa da wanda ba Bayahude ba? Kuma ina wannan tarbiyya take alhali duniya tana kallon abin da ake yi wa mutanen Gaza?

Gaskiyar magana, a cikin tsofaffin littattafan akwai dokokin da suka bambanta tsakanin Bayahude da waninsa. Attaura ta hana cin ruwa a kan ɗan'uwa ta halatta a kan baƙo. Shahararriyar maganar nan ta Mishna, cewa wanda ya ceci rai ɗaya kamar ya ceci duniya ne gaba ɗaya, wadda aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta ce an wajabta irinta a kan Bani Isra'ila, a wasu bugu an ƙara "daga Isra'ila" bayan kalmar rai, a wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu kuma babu ƙarin. Wannan saɓani na kalma biyu shi ne gardamar gaba ɗaya a dunƙule. A ɗaya ɓangaren, sura ta 19 ɗin nan da ta ce ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka, ita ce ta ce ka ƙaunaci baƙon da ke zaune a cikinku kamar kanka, domin ku ma baƙi ne a Masar. Talmud ya ce a ciyar da matalautan wasu al'ummai tare da na Isra'ila, a duba marasa lafiyarsu, a binne matattunsu, saboda zaman lafiya. An ruwaito cewa almajiran Shimon bin Shetah sun sayo masa jaki daga wani Balarabe, suka tsinci dutse mai daraja a wuyansa, suka yi murna, shi kuwa ya ce jaki ya saya bai sayi dutse ba, ya sa aka mayar. A kudancin Faransa kuma, a wajen shekara ta 1300, wani malaminsu, Menahem Meiri, ya yi fatawar cewa dokokin bambancin nan a kan masu bautar gumaka na dā suke, ba su shafi al'ummomin da addini da doka suka ɗaure ba.

Game da Falasɗinu, ba na neman wa kowa uzuri. Yaron da aka kashe a ƙarƙashin ɓaraguzai an kashe shi, babu littafin da zai goge wannan. Amma gwamnati daban, al'adar karatu ta shekara dubu biyu daban, kuma mu ya kamata mu fi kowa gane haka, mu da muka sha jin ana auna Musulunci da ta'asar masu tayar da bam a kasuwa. Wasu daga cikin masu sukar mamayar yankunan Falasɗinawa da kakkausar murya daga cikin wannan al'ada suka ɗauko makaminsu. Yeshayahu Leibowitz, farfesa a Jami'ar Ibrananci ta Ƙudus kuma mai tsananin riƙo da addininsa, tun bayan yaƙin 1967 ya yi ta gargaɗin cewa mulkar wata al'umma da ƙarfi zai lalata mai mulkin, bai fasa ba har ya rasu a 1994. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta B'Tselem, wadda aka kafa a 1989 don tattara bayanan cin zarafin Falasɗinawa, sunanta daga ayar Littafin Farawa aka ɗauko shi, wadda take magana a kan darajar da aka halicci ɗan Adam da ita. Akwai kuma masu rawani a can da suke karanta littattafan nan su fito da hujjar ƙwace gonar wani. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, ko a wane littafi ya yi karatu. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta ce kada ƙin wasu mutane ya sa mu ƙi yin adalci, kuma ina ganin adalcin ya haɗa da faɗar abin da ke cikin littattafansu yadda yake, mai daɗi da mara daɗi.

Dokar da na fi komawa gare ta ƙarama ce, ta gona. Attaura ta ce in za ka yi girbi kada ka girbe gefen gonarka, kada kuma ka koma kala, ka bar wa matalauci da baƙo. Duk wanda ya ga mata da yara suna roron gyaɗa bayan an cire ya san hoton. Malaman Mishna suka zauna a kan wannan aya suka yi mata ƙa'idoji. Abin da za a bari kada ya gaza kashi ɗaya cikin 60 na gonar, a ƙara gwargwadon girmanta da yawan talakawan wurin. Mai gona ba shi da ikon zaɓar wanda zai shiga, ba zai ce wannan ɗan'uwana ne ya ɗiba wancan ya koma ba, domin abin ya riga ya fita daga hannunsa. Masu ɗiba ba za su shigo da lauje ba, don kada a sari juna a cikin turmutsutsu. An kuma sa lokaci uku a yini da za a buɗe musu gonar, kuma Ibn Maimun ya kawo dalilin kowanne: da safe saboda mata masu shayarwa da suke bukatar ci tun da wuri, da tsakar rana saboda ƙananan yara da ba sa tashi da sassafe, da yamma kuma saboda tsofaffi, waɗanda kafin su lallaɓo su iso gonar rana ta riga ta yi sanyi.